Shekara 20 suna tono a Orkney, sai suka mai da ƙasa suka rufe: wa zai fahimtar da ni?

Hajara (Aberdeen):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na yi muku alkawarin labarin tafiyar da na yi tsibiran Orkney a watan Agustan 2024, ga shi sai yanzu Allah ya nufa. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi zan fara kawowa, don ina neman ra'ayinku.

Orkney tarin tsibirai ne wajen 70 a can ƙuryar arewacin Sikotland. Kusan 20 ne kawai ke da mutane, jama'arsu duka wajen dubu 22 ne. Daga nan Aberdeen na hau jirgin ruwa da yamma, awa shida muna kan teku kafin mu sauka Kirkwall, babban garinsu. Da gari ya waye abin da idona ya fara lura da shi, babu itatuwa. Fili ne kore shar, ga shanu ga tumaki, sai iskar da ba ta hutawa.

Akwai wata siririyar ƙasa tsakanin tafkuna biyu, ana ce mata Ness of Brodgar. A 2003 garma ta tono wani faffaɗan dutse da aka sassaƙa, daga 2004 masu binciken kufai suka duƙufa a wurin ƙarƙashin jagorancin Nick Card. Sun gano manyan gine-ginen dutse na shekara 5,000, wasu duwatsun har da sauran fenti ja da rawaya a jikinsu. Na tsaya a kan dandamalin 'yan kallo na fi awa ɗaya. Wata dattijuwa na durƙushe a ƙasana da ɗan cokalin magina da buroshi, tana kankare wurin da bai fi faɗin faifai ba, duk abin da ta ci karo da shi sai ta sa a leda ta rubuta lamba. Muna cikin haka mai yi mana bayani ya ce wannan ce shekarar ƙarshe, da zarar sun tashi za a mai da ƙasa a rufe komai, a bar ciyawa ta tsiro. Kuma haka aka yi. Wallahi sai da na ji ƙwalla. A yi shekara 20 ana wahala, sannan a binne? Don Allah masu sani ku ce wani abu.

Nazifi:
Wa alaikumus salam Anti Hajara. Ni ma abin bai shige ni ba. Kuɗin jama'a da gudummawar mutane aka zuba a ciki. Me zai hana su yi masa rumfa su riƙa karɓar kuɗin shiga? Ni a ganina asara ce.

Injiniya Garba:
Nazifi, bari in ba ka amsa ta fuskar sana'ata. Dutsen da aka yi ginin da shi irin mai ɓarewa falle-falle ne. Muddin yana cikin ƙasa, danshinsa ɗaya ne, sanyinsa ɗaya ne, ba abin da ke taɓa shi. Ranar da ka fito da shi sarari, ruwa ya shiga tsagarsa, sanyi ya daskarar da ruwan, rana ta busar, sai ya fara marmashewa. Shi ya sa duk shekara in sun tashi suke lulluɓe wurin da baƙar leda su danne da tsofaffin tayoyi. Leda kuwa ba za ta yi aikin ƙasa har abada ba. Ƙasar nan ita ta riƙe amanar ginin shekara 5,000.

Na biyu, tono kansa ɓarna ce. In ka kwashe shimfiɗar ƙasa ɗaya don ka ga ta ƙarƙashi, ta saman ta tafi ke nan, ba mai sake karanta ta. Abin da suka tona a Ness bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wurin ba. Sauran sun bar wa na baya da gangan, don kayan aikin da za a samu nan da shekara 50 sai sun fi na yau gani.

Nazifi:
Yallaɓai Injiniya, wannan ai fata ne kawai. Wa ya ce na baya za su fi su?

Baba Audu (tsohon malamin tarihi):
Ɗana Nazifi, a Orkney ɗin ma akwai shaida. Ƙauyen Skara Brae, guguwa ce ta yaye yashin da ya rufe shi a hunturun 1850, mai ƙasar wurin, William Watt, ya shiga tono da kansa. A ƙarshen shekarun 1920 aka kawo Farfesa Gordon Childe, wanda a zamaninsa da wuya a sami wanda ya fi shi a wannan fanni. Ya duba ya ce ƙauyen na zamanin ƙarfe ne, wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Aka zauna a kan haka. Sai a 1972 zuwa 1973 David Clarke ya sake tono, a lokacin an sami gwajin kabon, sakamako ya nuna an zauna a ƙauyen tun daga wajen 3180 zuwa 2500 kafin haihuwar Annabi Isa. Kuskuren sama da shekara 2,000! Ba jahilci ne ya sa Childe ya yi kuskure ba, ma'aunin ne babu a lokacinsa. Da a ce shi da Watt sun kwashe komai sun share wurin tas, da me Clarke zai yi gwajin?

Abdu na Maraɗi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan gwajin kabon ɗin nake so a warware mini. Yaya za a ɗauki dutse a ce shekararsa kaza? Kullum ina ji a rediyo, zuciyata ba ta natsu ba.

Injiniya Garba:
Malam Abdu, ba dutsen ake gwadawa ba. Abin da ya taɓa rayuwa ake gwadawa: ƙashi, gawayi, ƙwayar hatsin da ta ƙone. Duk mai rai yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon daga iska da abinci. In ya mutu ɗauka ta tsaya, wanda ke jikinsa ya fara raguwa a hankali, rabinsa na ƙarewa cikin shekara wajen 5,730. Sai a auna abin da ya saura a yi lissafi. Ba ya ba ka rana da wata, yana ba ka tsakanin shekara kaza zuwa kaza. Don haka ƙwayar sha'ir ɗaya da aka tsinta a tokar murhu ta fi tulin duwatsu amfani wajen sanin zamani. Ledar nan da Hajara ta ga dattijuwa tana rubuta wa lamba, aikinta ke nan.

Hajiya Binta:
Ni ku bar ni da lissafi. Hajara 'yata, kin shiga gidajen na Skara Brae? Yaya ɗakin mace yake a wancan zamani?

Hajara (Aberdeen):
Hajiya, ai nan ne na fi daɗewa. Ba a bari a shiga na ainihin, ta sama ake zagayawa ana leƙawa tunda rufinsu babu. Amma sun gina kwatankwacin ɗaya kusa da ƙofar shiga, wannan na shiga. Sai kin sunkuya sosai kafin ki wuce ƙofar. Da kin ɗago, abin da ke fuskantarki kanta ce ta dutse mai hawa biyu, a daidai inda duk mai shigowa zai fara gani. Hajiya, wallahi jeren ɗakin kakata na tuna, yadda take sa kwallayenta da tasoshinta inda baƙo zai gansu tun daga bakin ƙofa. A tsakiyar ɗakin murhu ne mai kusurwa huɗu. Dama da hagu gadaje ne na dutse kamar akwati, na dama ya fi girma. A ƙasa akwai 'yan ƙananan akwatunan dutse da aka liƙe gefensu da yumɓu don su riƙe ruwa. Har magudanar ruwa akwai a ƙarƙashin gidajen.

Gida takwas ne, bakwai tsarinsu ɗaya sak, lunguna masu rufi sun haɗa su ta yadda za ki je gidan maƙwabciya ba tare da iska ta taɓa ki ba. An kuma nutsa gidajen cikin tsohon juji, toka da ƙasusuwa da ɓawon katantanwa, shi ke tare musu sanyi. Na takwas ɗin yana gefe shi kaɗai, babu gado a ciki, ana ganin wurin sana'a ne. Akwai ɗaya, Gida na 7, da sakatarsa ta waje take, an kuma sami gawar mata biyu a binne ƙarƙashin gadonsa.

Malam Sani:
Assalamu alaikum. Na bi zancen tun daga farko, a nan ne zan sa baki. Duba kufan mutanen da suka shuɗe abu ne da Alƙur'ani ya kwaɗaitar a kai, a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen na farko ya kasance. Ba ni da ja a kan haka. Inda nake da damuwa shi ne gawa. Matan nan biyu wani ne ya haife su, wasu ne suka yi kukan rashinsu suka sa su inda suka sa su. Tsufan kabari ba ya cire wa mai shi alfarmar ɗan Adam. Don haka ni labarin rufewar nan bai ɓata mini rai ba, ya ma fi mini daɗi a kan a bar komai a buɗe ana ɗaukar hoto.

Hajara (Aberdeen):
Allah ya gafarta Malam, na ji wannan a jikina a Maeshowe. Kabari ne babba kamar tudu, an gina shi wajen 2800 kafin haihuwar Annabi Isa. Sai ka yi tafiyar wajen mita 11 a duƙe cikin wani siririn lungu kafin ka miƙe a ɗakin tsakiya. An saita lungun ta yadda a kwanakin da rana ta fi gajarta, wajen 21 ga Disamba, hasken faɗuwar rana ke bi ta cikinsa ya haska bangon ƙurya. Mutanen da ba su da ƙarfe ba su da rubutu suka yi wannan saiti. Amma ba masu binciken yau ne suka fara keta shi ba. A ƙarni na 12 mutanen Norwe da ake ce wa Bikin, ko Vikings, sun fasa ta sama suka shiga, suka bar rubutu wajen 30 a bango da haruffansu masu kama da karan tsintsiya. Wani ya rubuta cewa Ingigerd ta fi duk mata kyau. Wani ya rubuta cewa masu tafiya Ƙudus ne suka fasa tudun. A 1861 James Farrer ya sake fasawa ta sama, ya tarar da shi kusan wayam.

Malam Sani:
To kin gani. Kabari ya zama wurin rubuta sunan budurwa.

Baba Audu:
Malam, gaskiyarka, amma akwai inda suka kyauta. A 1919 ana gyaran babbar majami'ar St Magnus da ke Kirkwall aka sami akwati a ɓoye cikin wani ginshiƙi, da ƙasusuwan mutum, ƙoƙon kansa da sara. Magnus ɗin hakimin Orkney ne, suna raba mulki da ɗan baffansa Hakon. Aka shirya zaman sulhu a tsibirin Egilsay wajen 1117, Hakon ya zo da jirage fiye da yadda aka yi alkawari, ya sa mai dafa masa abinci ya sare shi a ka. Ɗan 'yar'uwar Magnus, Rognvald, shi ya kafa majami'ar a 1137 don tunawa da kawunsa. Da aka gama duba ƙasusuwan sai aka mai da su cikin ginshiƙin, suna nan har yau. Ka ga an sami ilimin, an kuma bar mamaci a makwancinsa.

Nazifi:
Ni wani abu ne ya dame ni yanzu. Anti Hajara ta ce gida da gado da kanta da kwata, tun kafin a gina dalar Giza ta Masar. Ashe dai mutanen nan tun asali sun riga kowa wayewa.

Baba Audu:
A'a ɗana, kada ka yi wannan lissafin. Abin da ya saura a ƙasa ba shi ne ma'aunin wanda ya fi wayewa ba. Ka tuna abin da Hajara ta fara faɗa: babu itatuwa. Ga kuma dutse a bakin teku yana ɓarewa kamar allo. Wanda ke da itace ya yi gadonsa da itace, gara ta cinye. Wanda ke da laka ya yi da laka, damina ta narkar. Su rashi ne ya tura su ga dutse, sannan yashi ya zo ya rufe. Ko a Orkney ɗin, a gindin tudun Wideford an gano ramukan ginshiƙan gidajen itace da suka riga na dutse, ba abin da ya rage sai tabon ramin. Ka duba kwalekwalen Dufuna a jihar Yobe, da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a 1987. Shekararsa wajen 8,000, ya girmi Skara Brae nesa ba kusa ba. Da ba a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kwanta ba, wa zai san an yi masu wannan sassaƙa a can?

Kuma "mutanen nan" da kake faɗa ba al'umma ɗaya ba ce. Masu Skara Brae daban, masu hasumiyoyin dutse irin na Gurness daban, ƙabilar Pict daban, sannan mutanen Norwe suka zo wajen ƙarni na 9 suka shafe kusan duk sunayen wurare da nasu. Harshensu, Norn, sai a ƙarni na 18 ya mutu a tsibiran.

Abdu na Maraɗi:
Ni shanun nake tambaya. Na taɓa jin an ce an yi wata babbar walima a wurin da aka rufe ɗin.

Hajara (Aberdeen):
Haka ne Yaya Abdu. A kewayen gini mafi girma, wanda suke kira Gini na 10, an sami ƙasusuwan shanu wajen 400, yawancinsu ƙashin ƙwauri, an jera su da tsari. Ana kyautata zaton an yanka su ne wajen 2400 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da aka yi sallama da wurin.

Abdu na Maraɗi:
Shanu 400! Mu da layya mutum bakwai ke haɗuwa a saniya ɗaya, kowa ya kai gida a ci a yi rabo har a soya na ajiya. Ku lissafa gida nawa ke nan. Wannan ba taron ƙauye ɗaya ba ne. Kuma duk wanda ya taɓa kiwo ya san ba a yanka garke haka sai da babban dalili, ko kuwa akwai mai faɗa a ji da ya ce kowa ya kawo.

Hajiya Binta:
To su da suke ƙarƙashin Norwe, yaya aka yi suka koma Sikotland? Yaƙi aka yi?

Baba Audu:
Hajiya, aure aka yi. A 1468 Sarki Christian na Ɗaya, mai mulkin Danmak da Norwe, ya ba da 'yarsa Margaret ga Sarki James na Uku na Sikotland. A al'adarsu uban amarya ke biyan kuɗi, aka yanka fulorin (kuɗin zinariya na lokacin) 60,000. Ba shi da su, sai ya jinginar da Orkney a kan 50,000, ya ce zai kawo 10,000 a hannu. Da lokaci ya yi 2,000 kawai ya iya haɗawa, a 1469 ya ƙara jinginar da tsibiran Shetland a kan 8,000 da suka rage. Ba a fanshe su ba, a 1472 Sikotland ta haɗe su da masarautarta.

Hajiya Binta:
Inna lillahi! A jinginar da ƙasa da mutanenta saboda gara? Iyayen 'ya'ya mata dai sun daɗe suna shan wannan nauyi, har sarakuna ba su tsira ba.

Malam Sani:
A fiƙihunmu jingina ba ta zama mallakar wanda aka jinginar wa don kawai lokaci ya wuce. Haƙƙinsa kuɗinsa ne, ba kayan ba.

Hajara (Aberdeen):
Malam, su ma ba su manta ba. Tutarsu ta yi kama da ta Norwe sosai, kuma a Yulin 2023 majalisar tsibiran ta kaɗa ƙuri'ar a binciki wasu hanyoyin mulki, har da batun tsohuwar alaƙarsu da Norwe. Wani abin da zai ba ku sha'awa kuma: a 1858, kusa da Skara Brae, wani yaro ya ci karo da azurfa a bakin ramin zomo. Da aka tono sai ga taska mai nauyin kilo 8, wadda aka binne a ƙarni na 10. A cikinta har da dirhamai na ƙasashen Musulmi masu rubutun Kufi. Daga hannu zuwa hannu, ta hanyar fataken Bikin, suka iso wannan ƙuryar duniya.

Baba Audu:
Tunda an zo nan, 'yata, ko kin ga abin tunawa da Dakta William Baikie a cikin majami'ar St Magnus? Haifaffen Kirkwall ne. Shi ya jagoranci jirgin Pleiad a kogin Kwara da Binuwai a 1854, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, ba wanda zazzaɓi ya kashe. Ya zauna a Lakwaja shekaru, ya koyi Hausa, ya fassara wasu sassan littafin addininsu da ita, a 1862 ya yi tafiya daga Bida har Kano. Ya rasu a Saliyo a 1864 yana kan hanyar komawa gida. Na koyar da labarinsa shekara da shekaru, ban taɓa ganin inda ya fito ba ko a hoto. Mu kuma mun san abin da ya biyo ta ƙofar da tafiyarsa ta buɗe, Lakwajar nan a can aka kafa tutar Ingila a 1900.

Hajara (Aberdeen):
Baba, na wuce ta gabansa ban san ko wane ne ba. Na ga suna a jikin dutse na yi gaba. Yanzu abin ya dame ni.

Nazifi:
Na karɓi maganar Baba a kan dutse da laka, ta shige ni. Amma a kan rufewar ina nan kan bakana. Ko gini ɗaya ne da sun bari a buɗe ƙarƙashin rumfa, yadda aka bar Skara Brae, don yaran tsibirin su gani da idonsu. Hoto a kwamfuta ba zai sa mutum ƙwalla ba kamar yadda ya sa Anti Hajara.

Injiniya Garba:
Skara Brae ɗin ma ba a banza yake tsaye ba, Nazifi. Tun shekarun 1920 aka yi masa katangar tare teku bayan wata guguwa ta ci gefen gida ɗaya, kuma har gobe teku na matsowa. Gida na 7 da Hajara ta ambata an taɓa yi masa rufin gilashi, zafi da danshi suka fara lalata dutsen, dole aka cire aka rufe shi ruf. Kwatankwacinsa ne wanda ta shiga.

Hajara (Aberdeen):
Injiniya, na fahimci dalilin yanzu, ko da yake zuciyata tana wajen Nazifi. In Allah ya kai mu Disamba zan koma, ina so in gwada sa'ar ganin hasken nan na Maeshowe, in gajimare ya bari, don an ce sai a yi kwanaki rana ba ta leƙo ba. Zan bi ta Ness in ga yadda ciyawar ta kama. Baba Audu, hoton Dakta Baikie na kaina, zan ɗauko rubutun jikin dutsen kusa-kusa yadda za ka iya karantawa.

Baba Audu:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Ki sa rigar sanyi mai kauri, ki kuma duba yanayin teku kafin ki sayi tikiti.